Dokar Itatuwa a Cikin Gari: Darasi Daga Gwandu da Kalgo



Gabatarwa

Watakila wani zai yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da maganar itatuwa, alhali ga masana gandun daji da masana tsarin gari zaune a wannan zaure. Hanzarina shi ne, harshen ne ya jawo ni. Garin da muke ciki yau sunansa ɗaya da itacen kalgo, wanda ake ɗaye ɓawonsa a yi igiya, dabbobi kuma su ci 'ya'yansa da rani. Gwandu kuwa, bisa ga abin da ya shahara a tarihi, daga kalmar gandu sunan ya samo asali, watau gandun Kanta na Kabi. In muka ɗaga ido kaɗan, ga Tsamiya a ƙasar Bagudo, ga Gawon Nama a Sakkwato, ga Ƙofar Doka a Zariya, ga Unguwar Rimi a Kaduna. Mutanen da suka raɗa wa mazauninsu sunan itace lalle sun san darajarsa. Abin baƙin ciki, sau da yawa sunan ne ya rage, itacen ya daɗe da shiga murhu.

Maganar da nake so in kafa a wannan lacca guda ɗaya ce. Dokar itatuwa ba ta yin aiki sai ta amsa tambayoyi uku: itacen nan na wane ne, wa zai ɗauki ɗawainiyarsa, kuma wa zai raba gardama in ya cuci wani? Dokar da ta tsaya ga hani da tara kaɗai, ba ta ce wa mutum ga rabonka ba, ita da kanta takan zama sanadin mutuwar itatuwan da aka kafa ta dominsu. Zan bi wannan magana daga abin da Gwandu ta gada, zuwa zamanin Turawa, zuwa abin da ya faru ga maƙwabtanmu na Nijar, sa'an nan in dawo gida.

1. Abin da Gwandu ta gada

Akwai masu zaton cewa tsara gari da doka abu ne da Turawa suka zo da shi. Wanda ya san Gwandu ba zai faɗi haka ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya riƙe yammacin daular Usmaniyya daga Gwandu har rasuwarsa a 1829, ya wallafa littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, da iyakokin da ba a ƙetarewa. Bayansa, a zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Alƙali Idrisu ɗan Halidu ya tara wa alƙalai littafi a kan mas'alolin da suka fi kawo husuma, ciki har da na gini da maƙwabtaka. Su biyun daga rijiyar Malikiyya suka sha, musamman Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, da Tuhfa ta Ibn Asim na Andalus, wanda ya rasu a 1426, wadda ke da fasali sukutum a kan cutar da itatuwa ke jawowa.

Daga wannan fiƙihu muka sami kalmar hurumi. Gari yana da huruminsa, watau dajin da mutanensa ke zuwa itace da kiwo su dawo a yini guda. Rijiya tana da nata. Gida yana da nasa, inda indararo ke zuba da inda ake zubar da shara. Abin lura a nan shi ne, itace ma yana da huruminsa, watau gwargwadon filin da yake bukata don ya rayu. Ashe tun a wancan zamani doka ta san cewa wanda ya yi gini a kan saiwar itace ya kashe shi, ko da bai ɗauki gatari ba.

Game da maƙwabta kuwa, hukunce-hukuncen a fili suke. In itacen Tanko ya miƙa rassa bisa gidan Audu, Audu yana da ikon neman a datse abin da ya shigo masa. In itace yana ɓata katanga, aka tarar katangar ta riga shi, sai a sare abin da ke cutarwa. In kuwa itacen ne ya riga katangar, malamai sun yi saɓani, domin mai ginin ya gan shi kafin ya kafa tubali. Ba a hana mutum abinsa don kawai ya tare wa maƙwabci rana ko iska, sai fa in masussuka ce ya tare wa iska, domin abincin mutane ya rataya a kanta. Har wa yau, mai hawa dabino ko wani dogon itace a cikin gari ba a hana shi, amma wajibi ne ya yi shela tukuna, don matan maƙwabta su kimtsa.

Ku dubi yadda waɗannan hukunce-hukunce suka amsa tambayoyin nan uku. Itace yana da mai shi. Mai shi ke cin amfaninsa, shi ke ɗaukar nauyinsa. In ya cuci wani, abin da ya yi cutar kaɗai ake cirewa, ba a tuge itacen gaba ɗaya. Al'adarmu ma haka ta tafi: mutum yakan ba da gonarsa aro ko jingina, amma ɗorawa ko tsamiyar da ke ciki ta ci gaba da zama tasa, har magada su gaje ta. Shi ya sa ba a rasa mai tsaron ɗorawa.

2. Zamanin Turawa da En'e

Bayan da Turawan Ingila suka ci ƙasar nan a 1903, sai aka shigo da wani tunani dabam. Dokar gandun daji ta 1916, da wadda ta biyo baya a 1937, sun ba hukuma ikon keɓe daji, da kuma ikon ware waɗansu irin itatuwa a ce ba mai sare su sai da takardar izini, ko da a gonarsa suke. A Arewa En'e ce ta riƙe yawancin wannan aiki, da malaman dajinta. A cikin gari kuma, dokar garuruwa ta 1917 ta raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa da fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa. Can Bariki aka jera itatuwa a bakin hanya, aka sa lebura ban ruwa. Cikin gari kuwa duba-gari aka aiko, aikinsa ya ga an nome ciyawa an share kwata saboda sauro.

Kada mu yi butulci, wannan zamani ya bar mana abin kirki. A cikinsa ne aka kawo dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya, ko maina, ko bedi. Asalinsa itacen ƙasar Indiya ne. Ya shigo Gana a zamanin Gwamna Guggisberg, tsakanin 1919 da 1927, daga can aka kawo shi Barno a 1928, sa'an nan ya bazu zuwa lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Yau in ka cire dogon yaro daga Birnin Kebbi ko Gwandu ko Kalgo, ka cire mafi yawan inuwar da talaka ke sha a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40.

Amma akwai abin da ya ɓaci. Da itace ya zama abin da ake neman izini a kansa, sai ya tashi daga dukiyar mutum ya koma kayan hukuma. Manomin da ya ga tsiron itacen da doka ta tsare a gonarsa ya san in ya bar shi ya girma, ya jawo wa kansa malamin daji da tara. Saboda haka sai ya sa fartanya tun tsiron bai kai gwiwa ba. Mutumin gari kuma ya ɗauka itacen bakin hanya na En'e ne, in akuya ta ci, ba asararsa ba ce.

Wannan hali bai tafi tare da Turawa ba. Bayan farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, gwamnatoci sun dage da gangamin dashen itatuwa kowace damina. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a cikinku ya san yadda abin yakan kasance. Babban baƙo ya dasa nasa, a ɗauki hoto, a watse. Kafin kaka ta wuce awaki sun yi kalaci. Laifin ba na dashen ba ne. Ba a ce wa kowa wannan naka ne ba, shi ya sa ba wanda ya kewaye shi da ƙaya.

3. Darasin Nijar

Mu tsallaka iyaka zuwa ga 'yan'uwanmu Hausawan Nijar, domin a can an gwada hanyoyin nan biyu, an ga ƙarshen kowace. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani ƙwarai a kan mai sare gawo. Daga baya dokar Faransawa, da dokar daji ta 1974 bayan mulkin kai, suka mai da itatuwa irin su gawo abin da hukuma ke tsarewa, manomi ba ya taɓawa sai da izini. Duk da wannan tsanani, kafin shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun yi fayau, iska na binne shuka da rairayi.

Daga 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman ƙasar Maraɗi, suka soma abin da ake kira sassaben zamani. Ba dashe ake yi ba. In kututture ya yi toho, maimakon a sassabe duka, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Dabarar ba ta da wuya, amma ba ta karɓu sosai ba sai da ma'aikatan daji suka sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, zai iya rage rassansa ya yi girki ko ya sayar. Dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa wannan, wata doka ta 2020 kuma ta tabbatar wa manomi mallakar itacen da ya raina a gonarsa. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Abin da tara da ɗauri suka kasa, kalmar "naka ne" ta yi shi.

Wani zai ce ai wannan maganar gona ce, mu kuwa ta gari muke yi. Amsa ita ce, mai gona shi ne mai gida, kuma halinsa ɗaya ne ko a daji ko a ƙofar gidansa.

4. Ina doka take a yau?

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 20, ya ɗora wa hukuma kare muhalli, har da daji. A jadawali na huɗu kuma ya lissafa tituna da magudanan ruwa da lambuna da filayen shaƙatawa cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Dokar soja mai lamba 88 ta 1992 a kan tsarin birane ta ba hukumar tsara gari ikon gindaya sharaɗin barin itatuwan da ke fili, ko dasa sababbi, kafin ta ba da izinin gini, da ikon ba da umurnin kare wani itace na musamman. Sai dai a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Ma'anar wannan ita ce, kada mu zauna jiran Abuja. Alhakin yana kan Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, da ƙananan hukumominta, irin su Gwandu da Kalgo, waɗanda ke da ikon kafa dokokinsu na cikin gida.

Waɗansu sun riga sun yi amfani da irin wannan iko. Jihar Legas ta kafa hukumar lambuna da dokar 2011, wadda ta hana sare itace ba da izini ba, ta kuma wajabta wa masu gidaje gyara da ƙawata gefen gidajensu. A Ingila, tun dokar tsarin gari ta 1947 hukumar gari ke da ikon sa wa itace guda kariya. Sa'ad da nake karatu a can, matar da nake haya a gidanta ta so rage wani itace a bayan gida, sai da ta rubuta wa hukumar gari ta jira mako shida, domin unguwar tana cikin waɗanda aka keɓe saboda tarihi. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, ba wanda ya yi musun itacen nata ne. Hukuma ta nemi a sanar da ita ne kawai, domin inuwar da kyan ganin na unguwa ne duka.

Ban kawo waɗannan misalai don mu kwafe su ba. Kebbi tana cikin jihohi 11 na bakin hamada da ke ƙarƙashin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma da dokar 2015. Itace a wurinmu ba ado ba ne kurum. Ga shi kuma tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ta soma aiki a nan Kalgo, gonaki suna ta komawa filotai. Duk filin da aka yanka, abu na farko da mai shi ke yi shi ne ya kira masu gatari, sa'an nan ya kira magina. Itacen da ya shekara hamsin yana girma yakan faɗi kafin azahar.

5. Abin da ya kamata dokar gari ta ƙunsa

In da za a nemi shawarata wajen tsara dokar itatuwa ta ƙaramar hukuma, ga abubuwa bakwai da zan kawo.

Na farko, mallaka. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa itacen da ke cikin gida, da wanda mutum ya dasa a ƙofar gidansa, nasa ne, da 'ya'yansa da ganyensa da rassan da aka rage. Itatuwan kasuwa da makaranta da masallaci da maƙabarta kuma a danƙa kowanne ga wani sananne, kamar sarkin kasuwa ko shugaban makaranta.

Na biyu, rajista. Kowane mai unguwa ya san manyan itatuwan unguwarsa, kuka ko tsamiya ko durumi ko maɗaci. A rubuta su. Waɗannan kaɗai ne za a ce ba a sare su sai an sanar, kuma sanarwar ta zama kyauta, a ba da amsa cikin 'yan kwanaki. Izinin da ake saye da kuɗi ƙofar cin hanci ne.

Na uku, izinin gini. Mai neman izini ya nuna itatuwan da ke filinsa a jikin taswira, ya bar wanda bai tare gini ba, ya maye wanda ya sare. Kada a ƙidaya dashe sai ya ga damina uku, domin rani biyu na farko su ne masu kisa.

Na huɗu, wuri da iri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yawancin rigimar maƙwabta daga ranar dashe take farawa. Kada a dasa babban itace a gindin katanga, ko kusa da rijiya ko salga. Ceɗiya da durumi, masu saiwa mai yawo, wurinsu dandali da kasuwa. Ƙarƙashin wayar lantarki sai gajeru irin su lalle da zogale. Ƙa'idar lantarki ta ƙasa ta ware faɗin mita 11 ga layin da ke ɗauke da kilobolt 11 ko 33, da mita 50 ga babban layi mai 330. Kada kuma mu dogara ga iri ɗaya. A farkon shekarun 1990 wata cuta ta kama dogon yaro a Nijar da arewacin Nijeriya, ganye ya riƙa zuba, rassa suna bushewa. Garin da inuwarsa duka ta iri ɗaya ce, annoba ɗaya ta ishe shi. A haɗa da tsamiya da maɗaci da mangwaro da gawo.

Na biyar, lokaci da hanya. Dashe sai damina ta zauna, a Yuli ko farkon Agusta, a kewaye shi saboda awaki, a duba gara. Ruwan alwala da na wanke hatsi da ake zubarwa kullum ya isa rainon dashe guda. Busassun rassa da waɗanda suka rinjaya bisa rufi a rage su kafin iskar farkon damina, a yanka dab da gaɓa ba tare da yage ɓawo ba. A hana yi wa itace ƙwal-kwabo, a hana ƙona shara a gindinsa. Masu sassaƙar maɗaci don magani kuma a koya musu ɗiba ta gefe guda, domin itacen da aka zagaye ɓawonsa ya mutu ko da yana tsaye.

Na shida, sulhu. Gardamar reshe da katanga ta fara daga mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, kafin ta kai gaban alƙali, kuma a bi ƙa'idar magabata: a cire abin da ya yi cuta, a bar itacen.

Na bakwai, hukuma ta fara da kanta. In za a faɗaɗa titi ko a ja waya, a ƙidaya itatuwan da za su faɗi, a sa mayar da su cikin yarjejeniyar ɗan kwangila, kada a biya shi cikon kuɗinsa sai dashen ya kama. Ma'aikacin da ke zaune a gidan gwamnati kuma a damƙa masa itatuwan gidan a rubuce, kamar yadda ake damƙa masa kujeru, ya kuma mai da su a rubuce ranar da zai tashi.

Kammalawa

Jama'a masu sauraro, Hausawa suna yi wa giginya kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta, suna nufin mutumin da alherinsa ba ya isa ga na kusa da shi. Dokokinmu na itatuwa sun daɗe da wannan hali: suna da kyau a takarda, amma mutumin da ke gindin itacen bai ga abin da suka ba shi ba. Magabatanmu na Gwandu sun ba itace mai shi, suka ba shi hurumi, suka ba maƙwabci hanyar kai kuka. Manoman Maraɗi sun nuna cewa wannan hanya tana aiki har a zamaninmu.

Ku ma'aikata, musamman na sassan gona da ayyuka da lafiya a ƙananan hukumomi, daftarin doka daga teburinku yake fitowa kafin ya isa gaban kansiloli. Ku ɗalibai kuma ga aikin da ba ya bukatar kasafin kuɗi: in kun koma gida hutu, ku zauna da tsofaffin unguwarku, ku rubuta manyan itatuwan da ke tsaye, da sunan kowanne, da mai shi, da waɗanda aka sare da abin da ya sa. Wannan rubutu shi ne rajistar da na ambata, kuma da shi za a fara.

Allah ya ba mu damina mai albarka.